Tutar Shingen da Littafin Koyo Gunkan: Nazari a kan Ilmin Yaƙi na Sin a Wurin Samurai

I

Akwai wata magana da ta bazu cikin littattafan da a ke rubutawa a kan ƙasar Japan, har ta kai malamai suna faɗa wa almajiransu ita kamar abin da ba shi da ja. Maganar ita ce wai samurai, watau baraden Japan na zamanin da, duka almajiran Sunzi ne, malamin nan na ƙasar Sin wanda a ke jingina masa littafin dabarun yaƙi mai babi 13, wai kuma da wannan littafi su ke shirya rundunoninsu su ci gari. In an nemi hujja, abu biyu a kan kawo. Na fari tutar Takeda Shingen (1521–1573), mai mulkin lardin Kai, wadda aka rubuta kalmomin Sunzi a kanta. Na biyu littafin nan Koyo Gunkan, wanda ya ba da labarin Shingen da mutanensa.

Nufina cikin wannan takarda in auna littafin, in ga iyakar nauyin da zai iya ɗauka. Abin ya shafi duk wanda sana'arsa ita ce karanta tsofaffin labarai da koyar da su, gama tambayar da ke ciki guda ce a ko'ina: in marubuci ya ce ubangidansa masani ne, yaya za mu rarrabe tsakanin shaida da yabo?

II

Kafin mu taɓa littafin, ya kamata mu san yadda littattafan yaƙi na Sin suka shiga Japan, da hannun da suka fara faɗawa.

Wani malami mai suna Kibi no Makibi ya tafi Sin neman ilmi a shekarar 717, zamanin daular Tang, bai komo ba sai 735. Tarihin fada da a ke kira Shoku Nihongi, wanda aka gama a 797, ya ce a shekarar 760 an aiki mutum shida zuwa Dazaifu, inda Kibi ya ke aiki, don su koyi jerin sahu takwas na Juge Liyang, da bayanin Sunzi a kan irin ƙasa tara da mayaƙi kan sami kansa a ciki, da yadda a ke kafa sansani. Wajen shekarar 891 kuma Fujiwara no Sukeyo ya tsara sunayen littattafan Sin da ke Japan, Sunzi na ciki. Saboda haka batun ko littattafan sun iso, babu gardama. Sun iso tun samurai ba su zama wani abu ba a ƙasar.

Amma a lura da waɗanda suka riƙe su. Malaman fada ne na Kiyoto da limaman ɗakunan ibada, mutanen da suka iya Sinanci. Karatun kuwa ba sauƙi gare shi ba. Mutanen Japan sukan sa wa rubutun Sin waɗansu ƙananan alamu, su riƙa juya jimla suna karanta ta bisa tsarin harshensu, kusan yadda malami a zaure kan ja baƙin Larabci yana yanka shi gaɓa gaɓa da Hausa. Wannan aikin shekaru ne a gaban malami. Barden karkara wanda ya tashi a kan doki da baka bai cika samun wannan sukuni ba.

Labaran da mutanen Japan da kansu suka riƙa bayarwa sun tabbatar da haka. An ce Minamoto no Yoshiie, cikin yaƙin da aka yi a arewacin ƙasar daga 1083 zuwa 1087, ya hangi garken dinya na tafe a sama, sai jerinsu ya watse, nan take ya gane akwai 'yan kwanton ɓauna a ƙasa. Aka ce ya san wannan ne domin ya yi karatu wurin Oe no Masafusa, malamin fada. Lalle Sunzi ya ambaci tashin tsuntsaye cikin alamun kwanto a babi na tara. Sai dai littafin Kokon Comonju da ya kawo labarin a 1254 aka rubuta shi, fiye da shekara 160 bayan yaƙin, kuma manufar labarin ita ce nuna cewa barde, kome jaruntakarsa, sai ya durƙusa gaban malami. Maharbi kuwa ba ya bukatar littafi kafin ya san abin da ke firgita tsuntsu.

Haka kuma labarin Yoshitsune (1159–1189) cikin littafin Gikeiki, wanda ya ce ya yaudari 'yar wani boka mai suna Kiici Hogen har ta sato masa littafin Rikuto na ubanta ya karanta a ɓoye. Rikuto littafin Sin ne mai kashi shida, na huɗunsu ana kiransa da sunan tora, watau damisar nan mai ratsi ta ƙasashen gabas. Daga nan ne kalmar tora no maki ta samo asali, wadda ta zama sunan kowane littafin asiri, har 'yan makaranta suka ara suna kiran littafin amsoshi da ita. Abin da labarin ya nuna shi ne mutanen wancan zamani sun ɗauki littafin yaƙi a kan abin ɓoyo mai ƙarfin asiri, wanda a kan kulle a akwati. Akwai ma wani ɗan littafi mai sharaɗi 42 da ya yi ta yawo a hannun mayaƙa, ana cewa daga Jang Liyang na Sin ya fito, alhali kuwa yawancin abin da ke cikinsa tsafe-tsafe ne da kalmomin tsari.

III

To, sai mu zo ga Koyo Gunkan. Littafi ne mai juzu'i 20, babi 59. Ana jingina asalinsa ga Kosaka Masanobu, ɗaya daga cikin manyan jarumawan Shingen, wanda ya rasu a 1578. Shi Kosaka ɗan manomi ne, ba malami ba, kuma bisa ga abin da littafin ya nuna, faɗa ya riƙa yi waɗansu na rubutawa, bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Kasuga Sojiro ya ci gaba. Daga baya Obata Kagenori (1572–1663) ya tattara shi ya gyara, aka buga shi a 1656.

Dalilin rubuta shi abin lura ne ƙwarai. A 1575 Oda Nobunaga da Tokugawa Iyeyasu suka karya rundunar Takeda a Nagashino, manyan jarumawan Shingen da yawa suka faɗi. Sai tsohon bara ya shiga yi wa Katsuyori, ɗan Shingen, da fadawansa gargaɗi, yana tuna musu yadda uban ya ke yi. Littafin nasiha ne na mai baƙin ciki, kuma mai nasiha irin wannan ba ya rasa ƙara wa mamaci tsawo don ya rage wa mai rai. Gidan Takeda kuwa ya rushe a 1582.

Masana sun yi ta ja-in-ja a kansa. A 1891 Tanaka Yoshinari ya rubuta maƙala ya nuna kurakuransa na shekaru da na aukuwa, ya ce aikin Obata ne ya laƙaba wa Kosaka. Misali, kashin da Shingen ya sha a ganuwar Toishi a 1550 ya auku, amma littafin ya sa shi a 1546. Daga nan masana tarihi suka juya masa baya, har suka yi shakkar ko an taɓa yin Yamamoto Kansuke, gurgun nan mai ido ɗaya da littafin ya mai da shi mai ba Shingen shawarar yaƙi. Sai a 1969 aka sami wata wasiƙa ta Shingen a tsibirin Hokkaido, cikin takardun gidan Icikawa, da sunan Kansuke a ciki a matsayin manzo. Sa'an nan daga 1994 Sakai Kenji, masanin harshe, ya fitar da bincikensa, ya nuna cewa harshen tsofaffin kofe na littafin harshen ƙarshen ƙarni na 16 ne, irin wanda mutumin wani zamani ba zai iya ƙagawa ba. Da haka littafin ya sami mutuncinsa ya komo.

Amma fa a nan ne waɗansu suka zarce. Tabbatar da cewa murya ta mutumin zamanin ce daban ne da tabbatar da cewa duk abin da muryar ta faɗa haka ya auku. Wasiƙar 1969 ta nuna an yi Kansuke, ba ta nuna shi ne ya tsara yaƙin Kawanakajima ba.

IV

Bari mu fara da inda littafin ya ke da ƙarfi, gama yana da shi.

A cikinsa akwai wasiyya mai sharaɗi 99 wadda Takeda Nobushige, ƙanen Shingen, ya rubuta wa ɗansa a 1558. Yakan kawo umurni, sa'an nan ya tokare shi da magana daga littattafan Sin, kamar zantuttukan Kwanfushiyas da littafin yaƙi na Sanryaku. Wannan shaida ce mai nauyi cewa a cikin gidan sarautar kansa akwai karatu na gaske, ko dai shi Nobushige ya yi shi, ko kuwa yana da malami a kusa wanda ya ke jin maganarsa. Mun kuma san Shingen ya yi hulɗa da limaman ɗariƙar Zen, ya kawo Kaisen Joki ya ba shi ɗakin ibada na Erinji, ya kuma yi waƙoƙi da Sinanci. Mutum irin wannan ba za a ce bai san abin da ke rubuce a tutarsa ba.

Tutar kuwa tana nan, ana ajiye da irinta a ɗakin ibada na Unpoji a lardin Yamanashi. Haruffa 14 ne, an ɗauko su daga babi na bakwai na Sunzi, inda aka kwatanta runduna da iska, da kurmi, da wuta, da dutse. A asali kwatancin shida ne, tutar ta bar duhu da tsawa. Sunan nan Furinkazan da kowa ya sani yau, marubucin ƙagaggun labarai Inoue Yasushi ne ya yayata shi da littafinsa da ya fara fitowa a 1953. Mutanen da tutar Sonshi su ke ce mata, Sonshi kuwa shi ne yadda su ke furta sunan Sunzi.

Har wa yau littafin ya nuna mana wani hali na Shingen wanda ya yi daidai da koyarwar Sin. Ya nuna shi mai gudun nasarar da ta wuce kima, domin tana jawo girman kai, mai son raba kan abokan gaba da kyauta da alkawari kafin a ja baka. Tarihi ya goyi bayan wannan, gama a 1554 ya ƙulla amana da gidajen Imagawa da Hojo ta hanyar auratayya, ya tsare bayansa kafin ya fuskanci arewa.

V

Yanzu kuma ga inda ya ke da rauni. Abu uku zan kawo.

Na ɗaya, kama da juna ba ita ce koyi ba. Kowane sarki mai hankali, ko bai taɓa jin sunan Sunzi ba, ya san gara a sayi mai tsaron ƙofa da a fasa ganuwa. Kafin mu ce daga littafi Shingen ya koyi wannan, sai mun ga inda ya yi abin da littafi ya ce alhali al'adar ƙasarsa ta ce a yi wani abu dabam. Koyo Gunkan bai kawo mana irin wannan wuri a fili ba.

Na biyu, akwai inda littafin da kansa ya nuna an saɓa wa Sunzi. Sunzi ya hana shugaban yaƙi dogara ga camfi da alamu, ya ce labarin abokin gaba daga bakin 'yan leƙen asiri a ke samunsa, ba daga aljannu ko lissafin taurari ba. Amma rundunonin ƙarni na 16 cike su ke da masu duba da a ke kira gunbaisha, waɗanda aikinsu zaɓen ranar fita, da duban gajimare, da tsara bukin duba kawunan da aka saro. Koyo Gunkan ya ɗauki wannan sana'a da girma, ya lissafa ta cikin ilmin yaƙi. Da yawa daga cikin masu duban nan kuwa daga makarantar Ashikaga suka fito, wadda Uesugi Norizane ya raya wajen 1439, wadda kuma Faransis Zabiya ya ambata cikin wasiƙarsa ta 1549 a kan ita ce babbar makarantar gabashin Japan. Abin da ta fi shahara da shi shi ne littafin duba na Sin, Yijing. Ashe ilmin Sin da ya fi shiga sansani shi ne wanda Sunzi ya ƙi.

Na uku, bayanin fagen fama. Littafin ya ba da labarin karo na huɗu a Kawanakajima, a 1561, tsakanin Shingen da Uesugi Kenshin, inda Nobushige da Kansuke suka mutu. Ya ce an raba runduna biyu, ya kawo jerin sahu da sunayensu, har da na Kenshin mai juyawa kamar ƙafar keke. Labari ne mai daɗin ji, shi ya sa masu zane da masu wasan kwaikwayo suka riƙe shi. Amma wasiƙun da suka rage daga shekarar kanta ba su ba da wannan tsari ba. Abin da ke cikinsu yabon bara ne da ya yi ƙoƙari, da kowane ɓangare yana cewa shi ya ci. Rundunar zamanin kuwa taron iyayen gida ce, kowa da mutanensa da tutarsa, kowa na neman a ga abin da ya yi don a saka masa da gona. Thomas Conlan, cikin littafinsa na 2003, ya bi takardun neman lada na ƙarni na 14, inda mayaƙa kan lissafa raunukansu, ya tarar yawancinsu na kibiya ne. Waɗannan takardu, da su ne muryar barde na tsaka-tsaki, zancensu wa ya riga shiga, wa ya ji rauni, wa ya shaida. A ƙarni na 16 mashi da bindiga, wadda ta iso tsibirin Tanegashima a 1543, sun sa an ƙara horo da tsari, amma bukata ce ta kawo wannan, da abin da aka gani a fage.

VI

To, in haka ne, daga ina maganar ta sami ƙarfi? Amsar tana cikin tarihin buga littafi.

A ƙasar Sin an haɗa littattafan yaƙi bakwai a 1080, zamanin daular Song, aka mai da su abin jarrabawar hafsoshi. A Japan kuwa ba su zama abin da kowa ke iya samu ba sai da Tokugawa Iyeyasu ya sa Kanshitsu Genkitsu, shugaban makarantar Ashikaga na tara, ya shiga buga littattafai a Fushimi daga 1599. Rikuto da Sanryaku na cikin na fari, bakwai ɗin gaba ɗaya kuwa sai 1606. A duba wannan jeri da kyau, gama ya nuna waɗanda mayaƙa suka fi so. Sanryaku gajere ne, kuma zancensa yadda shugaba zai riƙe zukatan mutanensa ya raba lada da adalci, abin da ya fi damun mai mulkin lardi ke nan. Shekara tara bayan 1606 aka ci ganuwar Osaka, a 1615, bayan tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638 kuma ƙasar ta zauna fiye da shekara 200 babu babban yaƙi.

Cikin wannan zaman lafiya ne sharhin Sunzi ya yawaita. Hayashi Razan ya yi nasa a 1626, Yamaga Soko a 1673, Ogyu Sorai (1666–1728) ya yi nasa da harshen da kowa zai gane, Yoshida Shoin (1830–1859) ya yi nasa dab da faɗuwar mulkin Tokugawa. Shi Obata Kagenori, mai gyara littafinmu, shi ne ya kafa makarantar ilmin yaƙi ta Koshu, Koyo Gunkan ne kuwa littafin karatunta. Hojo Ujinaga almajirinsa ne, Yamaga Soko kuma ya yi karatu wurin su biyun. Samurai sun zama ma'aikatan ofis masu ɗaukar takobi, suna bukatar ilmin da zai bayyana dalilin da ya sa su ke cin albashin mayaƙa, sai suka same shi a nan. Jikoki suka karanta abin da kakanni ba su sami sukunin karantawa ba, sa'an nan suka waiwaya suka ga kakannin cikin hasken karatun nasu. Ko Sorai da kansa ya soki makarantun yaƙi na zamaninsa, ya karkata ga littattafan Ci Jiguwang (1528–1588), jarumin daular Ming wanda ya koyi sana'arsa wajen yaƙi da 'yan fashin teku a gaɓar Sin.

Turawa ma ta wannan ƙofa suka shigo. Fassarar Sunzi ta farko da Ingilishi a Tokiyo aka buga ta a 1905, aikin wani hafsan Ingila mai suna Calthrop, da sunan Sonshi a kanta, a shekarar da Japan ta ci Rasha da yaƙi. Lionel Giles ya soke ta da zafi cikin tasa fassarar ta 1910. Tun daga ran nan sunan Sunzi da na samurai suka haɗu a zukatan masu karatu na waje.

VII

Hukuncina a kan Koyo Gunkan shi ne wannan. Shaida ne amintacce a kan abin da mutanen Takeda su ke girmamawa, da yadda su ke magana, da abin da su ke kira halin barde, har ma yana cikin littattafan farko da kalmar bushido ta bayyana a cikinsu. Shaida ne mai kyau a kan cewa ƙalilan daga manyan gidaje sun san littattafan Sin, ta bakin limamai ko da idonsu, kuma abin da suka fi ɗauka a ciki shi ne dabarar mulki da riƙon mutane. Amma a kan yadda aka jera sahu a fage, da ko littafi ne ya jera shi, shaidarsa ba ta isa a yanke hukunci da ita ita kaɗai ba, gama mai faɗar tsoho ne mai kewar ubangidansa, mai gyaran kuma malami ne mai makarantar da zai cika da almajirai.

Saboda haka malamin da zai koyar da wannan babi, ina ba shi shawara ya hana almajiransa cewa samurai sun san Sunzi haka kawai. Su riƙa tambaya: waɗanne samurai, a wane ƙarni, wane littafi cikin bakwai ɗin, kuma wa ya faɗa, shekara nawa bayan abin? Barden 1185, da mai mulkin lardi na 1561, da ma'aikacin 1700, suna guda a ke kiransu da shi, amma amsar tambayar dabam ce ga kowannensu. Na farkon ya ji labarin littafin, na biyun ya san yankinsa ya kuma ɗaga shi a tuta, na ukun ya karanta shi tun daga fari har ƙarshe da sharhinsa, sai dai bai taɓa ganin yaƙi ba.